Tambaya kan HSP: in har suna kare jiki, me ya sa ake neman maganin da zai toshe su?

ɗalibar_aji3:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin bayokemistiri da likitocin gidan nan ku taimaka min, akwai abin da ya ɗaure min kai ga jarabawa ta matso. Maganar furotin ɗin nan ce da ake kira HSP, waɗanda sel ke ƙerawa idan zafi ya buge shi, su HSP70 da HSP90 da sauransu. A lacca an ce mana su ne ke ceton sel idan ya shiga matsi, wannan na gane, to amma a takardar da aka raba mana shafi na gaba sai ga shi an rubuta wai masu bincike sun daɗe suna neman maganin da zai toshe HSP90 saboda a kashe ciwon daji. Toh nan kaina ya kulle wallahi, abu yana kare ka kuma ka ce za ka toshe shi, ta yaya?

Na biyu kuma wata 'yar ɗakinmu ta nuna min bidiyo a TikTok wani bature yana cewa in mutum yana shiga ɗakin tururi irin na mutanen Finland, sauna, ko yana wanka da ruwa mai zafi sosai, HSP ɗinsa zai ƙaru ba zai yi saurin tsufa ba kuma ba zai yi ciwon mantuwa ba, har take cewa ai kenan kakanninmu sun riga Turawa sani tunda ga wankan jego. Ni wannan ce ma ta fi tsaya min a rai don yayata tana da tsohon ciki kuma na san gwaggonmu ba za ta yarda a rage zafin ruwan nan ba. Wanda ya sani ya yi min bayani dalla-dalla dan Allah, ba hadda nake so ba, so nake in gane. Na gode.

TsohonƊanLab:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari mu fara daga tushe don sai kin san abin da ake karewa sannan za ki gane mai kariyar.

Furotin in sel ya gama haɗa shi dogon zare ne kawai na amino asid a jere, wani ɗari biyu, wani ɗari biyar, wani ya haura dubu, kuma a haka ba ya aikin komai. Kamar rawani ne, in yana miƙe yadi ne kawai sai an naɗa shi yadda ya kamata. Shi ma zaren sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa sannan ya iya aikin da aka yi shi dominsa. Christian Anfinsen ya nuna cewa jerin amino asid ɗin shi kansa ya isa ya tsara yadda zaren zai naɗe, a kan haka ya samu kyautar Nobel a 1972. Amma fa shi a kwalbar gwaji ya yi aikinsa, furotin iri ɗaya cikin ruwa mai yawa babu mai takura masa. Cikin sel kuwa cunkoso ne na gaske, furotin ya kai giram 200 zuwa 300 a kowace lita. Wasu amino asid ɗin ba sa shiri da ruwa, a lafiyayyen furotin suna ɓoye can ciki, to haɗin da ke riƙe da siffar ba mai ƙarfi ba ne, zafi na ƙaruwa sai ya fara saki, ɓangaren nan da ba ya son ruwa ya fito fili ya manne da na maƙwabcinsa wanda shi ma ya warware, kafin ki ankara sun dunƙule sun zama curi. Abin da ke faruwa da farin ƙwai kenan idan kin dafa shi, kuma kin san dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Wannan curin shi sel yake gudu.

Yadda aka gano su ma abin sha'awa ne. A 1962 a Italiya wani mai bincike Ferruccio Ritossa yana aiki da tsutsar ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, Drosophila, sai wani abokin aikinsa ya ƙara zafin inkubetar da tsutsotsin ke ciki. Da ya duba kuromosom ɗin da ke jakar yawunsu a madubin ƙara girma sai ya ga wasu wurare sun kumbura waɗanda da ba sa kumbura, alamar an buɗe waɗannan ƙwayoyin gado ana karanta su da gaggawa. Bai san wane furotin suke ƙerawa ba a lokacin, sai a 1974 Alfred Tissières da Herschel Mitchell suka ware furotin ɗin kansu. Lambobin da kike gani, 27, 40, 60, 70, 90, nauyinsu ne da kilodalton, ba wai digirin zafin da suke fitowa ba, ki riƙe wannan don ɗalibai da yawa suna faɗawa nan a jarabawa.

Aikinsu kuma ba iri ɗaya ba ne. HSP70 shi ne ya fi kowa zirga-zirga, yana kama ɓangaren nan da ya fito fili ya riƙe shi kar ya manne da wani, sannan ya sake shi ya ba shi dama ya sake gwada naɗewa, in bai yi ba ya sake kamawa, kowane kamu da saki yana cin ATP, wato makamashin da sel ke aiki da shi, HSP40 kuma shi ke kawo masa furotin ɗin ya zaburar da shi. HSP60 shi salonsa daban, ganga ce mai rami, a bakteriyar E. coli sunanta GroEL, zobe biyu kowanne da ɓangare 7, da murfinta GroES, sai ta saka furotin ɗaya a ciki ta rufe na kamar daƙiƙa 10 ya naɗe shi kaɗai babu cunkoso. Ulrich Hartl da Arthur Horwich su suka warware wannan, an ba su kyautar Lasker a 2011. Ƙananan kuma irin su HSP27 ba sa amfani da ATP, riƙo kawai suke yi har HSP70 ya samu sarari. Wanda ya lalace ya wuce gyara sai a liƙa masa tambarin yubikwitin a tura shi furotiyasom a daddatsa shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sel ke gane cewa akwai matsala. Akwai wani furotin HSF1 wanda shi ke kunna ƙwayoyin gadon HSP, a lokacin zaman lafiya HSP70 da HSP90 suna riƙe da shi ba ya motsi. Da warwararrun furotin sun yi yawa sai masu riƙon su sake shi su tafi inda aiki yake, shi kuma HSF1 ya haɗu uku-uku ya hau kan DNA ya ce a ƙara ƙerawa. In sun wadata aiki ya ragu sai su dawo su sake kama shi. Kin ga kenan sel ba zafin yake aunawa ba, ɓarnar yake aunawa, shi ya sa giya da gubar ƙarfe irin su kadmiyam da arsenik, da ƙarancin iskar oksijin, da kamuwa da ƙwayar cuta, har motsa jiki, duk suna kunna su. Kuma da yawansu ko babu wani matsi suna nan suna aiki, HSP90 kaɗai ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na duk furotin ɗin da ke cikin sel mai lafiya.

To ga amsar tambayarki ta farko a taƙaice: HSP sel yake karewa, ba ke ba. Duk sel ɗin da ya tsinci kansa a ciki shi zai yi wa aiki, na zuciyarki ne, na ciwon daji ne, na ƙwayar cuta ne, ba ruwansa.

ɗalibar_aji3:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, wallahi maganar HSF1 ɗin nan yanzu ta zauna min, da na ɗauka akwai wani abu kamar tamomita a cikin sel. Amma har yanzu ina da saura, in sel ɗinmu masu lafiya ma suna da HSP90 da yawa haka, in aka ba mutum maganin da zai toshe shi ai har su zai kashe ko? Ta yaya maganin zai bambance?

MaiHarhaɗaMagani:

Ƙanwata kin taɓo ainihin inda gizo ke saƙar, kuma wannan tambayar taki ita ce ta hana kamfanonin magani barci shekara da shekaru.

Sel ɗin kansa, wato ciwon daji, kullum cikin matsi yake. Yana rabuwa da sauri fiye da ƙima, jini ba ya isarsa yadda ya kamata don haka oksijin da abinci sun yi masa kaɗan, adadin kuromosom ɗinsa sau da yawa ya rikice, sannan uwa uba furotin ɗin da ke tura shi ya yi ta hayayyafa da yawansu gurɓatattu ne, siffarsu ba ta tsayuwa da kanta, da a lafiyayyen sel ne da tuni an tura su furotiyasom. HSP90 shi ke tallafe da su. Misali HER2 da ake samu da yawa a wani kaso na kansar nono, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100, da BCR-ABL na wata kansar jini, da gurɓataccen p53, duk suna jingine da shi. Dabarar kenan, shi lafiyayyen sel in an rage masa HSP90 zai ɗan jure, shi kuwa na kansa da ya ɗora duk rayuwarsa a kai zai durƙushe, kuma ba furotin ɗaya za ka kayar ba, da yawa ne lokaci guda. A 2007 ɗakin binciken Susan Lindquist a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka cire wa HSF1 sun fi wuyar kamuwa da ƙari ko da an sa musu abin da ke jawo shi, wannan ya ƙara wa mutane ƙwarin gwiwa sosai.

A takarda kenan. A jikin mutum labarin ya sha bamban. Na farkon da aka samu shi ne geldanamycin, daga wata bakteriyar ƙasa Streptomyces hygroscopicus aka ciro shi tun 1970, sai a 1994 Luke Whitesell da Len Neckers suka gano HSP90 yake kamawa, yana zama a gurbin da ATP ke shiga. Amma yana lalata hanta, ba a iya ba mutane shi ba. Aka gyara shi aka samu tanespimycin, aka ƙera wasu sababbi da dama aka kai su gwaji a kan marasa lafiya, wasu hanta, wasu gudawa mai tsanani, wasu kuma ido suke taɓawa mutum ya daina gani sosai da dare, to kin ga amsar tambayarki kenan, maganin ba ya bambancewa yadda ake so. Sannan akwai wata matsalar da in kin bi bayanin Malam a sama za ki iya hango ta da kanki: HSP90 yana cikin masu riƙe HSF1, in ka toshe shi ai ka saki HSF1 kenan, shi kuma ya je ya ƙara HSP70 da HSP27, sel ɗin kansar ya samu sabuwar garkuwa daga maganin da aka ba shi don ya mutu. Ni a ganina wannan ce babbar matsalar ma fiye da gubar.

Sai a 2022 aka samu ɗaya ya tsallake, pimitespib, ƙasar Japan ta amince da shi don wani ƙari na ciki da hanji da ake kira GIST, shi ma ga waɗanda sauran magungunan suka daina yi wa aiki. Shekara kusan 30 ana fama kenan kafin a samu wannan. Ina faɗar haka ne don kar wani mai jinyar ciwon daji ya karanta ya ɗauka akwai wani sabon magani da ake ɓoye masa, wanda likitansa ya ɗora shi a kai ya riƙe shi.

Ba ciwon daji kaɗai ba ma, ita Lindquist ɗin da ɗalibarta Leah Cowen sun nuna a 2005 cewa fangas irin Candida da HSP90 yake samun damar bijire wa maganin fluconazole.

Nas_daga_Maradi:

Salamu alaikum. Ni ba zan shiga maganar lab ba, waɗanda suka fi ni sani sun yi, amma maganar wankan jego ba zan iya wucewa ban tanka ba don abin da nake gani ne da idona a wurin aiki.

Ƙanwata ki gaya wa 'yar ɗakinku ta bar haɗa abin da bai haɗu ba. Binciken da masu bidiyon nan ke jingina da shi na Finland ne, ya fito a 2015, maza ne kimanin 2,300 a yankin Kuopio aka bi su wajen shekara 20, aka ga masu shiga sauna sau 4 zuwa 7 a mako sun fi ƙarancin mutuwa da ciwon zuciya. Maza ne fa, ba masu jego ba, kuma kallo kawai aka yi ba a raba su gida biyu an gwada ba, wanda ke da lafiyar shiga sauna kullum ai dama ya fi mai fama da ciwo lafiya tun farko. HSP ɗin ma ba shi aka auna ba. To ina wannan ina macen da ta haihu jiya, ta zubar da jini, zuciyarta ta yi wata tara tana ɗauke da nauyin mutum biyu, sannan a tafasa ruwa a dinga fyaɗa mata da ganye safe da yamma har kwana arba'in, a wasu gidajen ma a kwantar da ita kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, a bi ta da kunun kanwa? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a ƙasar Hausa suka danganta shi da zafin nan da gishirin kanwa, binciken da aka yi daga baya a Kano kuma ya nuna akwai wasu dalilan masu ƙarfi kamar rama da hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam, to ko ma wanne ne ya fi, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta buƙatar ƙarin zafi da gishiri. Ƙuna kuwa ba a magana, mun sha wanke ta, wata har wurin ɗinkin.

Ba na ce a bar wanka ba, ruwa mai ɗumi yana sa mai jego ta ji daɗin jikinta kuma kulawar da iyaye ke ba ta a kwanakin nan abu ne mai kyau da ba za mu so ya ɓace ba. A sirka ruwan har ya zama wanda za ki iya barin gwiwar hannunki a ciki, a rage kanwa. In kin ga yayarki tana haki in ta kwanta, ƙafa ta kumbura, tari da dare, kar ku tsaya cewa sanyi ne ya shige ta a ƙara zafin ruwa, ku kai ta likita ran nan. Gwaggo kuma a bi ta da lalama da girmamawa, in da hali ungozomar asibiti ta yi mata bayanin da bakinta, tsofaffi sun fi jin ta su.

HSP ɗin nan yana da iyaka. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara sambatu ko ya suma, ɓarnar ta fi ƙarfin masu gyaran, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda ke tafiya. A hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu lokacin da zafi ya kai 51.8 a Makka, a watan Afrilun shekarar kuma garin Kayes na Mali ya kai 48.5. Wanda rana ta buge haka inuwa da ruwan sanyi a jiki da fifita, a garzaya da shi asibiti, farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

TsohonƊanLab:

Anti nas Allah ya ƙara basira, babu abin da zan ƙara a kan maganar jego. Sai dai tunda kin kawo iyaka bari in ce wani abu kan sabo, don gaskiya ne jiki yana sabawa da zafi, mutum in ya yi sati ɗaya zuwa biyu yana aiki a zafi kaɗan-kaɗan yana fara gumi da wuri, ruwan jininsa ya ƙaru, HSP70 ma ya ƙaru a sel ɗinsa, amma a hankali ake samunsa kuma in an bar zafin yana zubewa. Akwai wata tururuwa mai launin azurfa a hamadar Sahara, Cataglyphis bombycina, da tsakar rana take fita kiwo lokacin da ƙadangarun da ke cin ta sun ɓuya, jikinta yana jure sama da digiri 50, Walter Gehring da Rüdiger Wehner sun nuna a 1995 cewa tun tana cikin rami kafin ta fito ta riga ta tara HSP ɗinta. Duk da haka 'yan mintuna take yi ta koma.

Amma misalin da nake so ɗalibarmu ta tafi da shi ɗakin jarabawa na gida ne, maleriya. Ki duba rayuwar Plasmodium falciparum, ƙwayar cutar da ke kawo ta, yana cikin sauro a zafin gari, sauro ya ciji mutum ya tsinci kansa a digiri 37 farat ɗaya, sannan duk lokacin da jajayen ƙwayoyin jini suka fashe zazzaɓi ya tashi ya kai 40 ko 41. Zazzaɓin nan yana kashe wasu daga cikinsu musamman waɗanda suka girma, amma ba duka ba, kuma da HSP ɗinsa yake tsira, yana da nasa HSP70 da HSP90. Shi ba shi da HSF1 irin namu, a 2021 masu bincike a Basalona suka gano wanda ke kunna masa su, PfAP2-HS, da suka cire shi ƙwayar ta kasa jure zafin zazzaɓi. Abin bai tsaya nan ba, in ya shiga jan ƙwayar jini yana tura ɗaruruwan furotin ɗinsa waje su sauya ta, ciki har da waɗanda ke sa ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi, wanda shi ke kawo maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ƙofar da yake bi da su sunanta PTEX, injin da ke warware kowane furotin ya zura shi ta ƙofar kuwa HSP101 ne. Kin ga a nan HSP yana aikinsa tsaf ba kuskure, amma yaron da ke kwance a gadon asibiti shi ke biyan kuɗin. Har ƙwayoyin da suka fara bijire wa maganin maleriya atemisinin a kudu maso gabashin Asiya an ga sun ƙara ƙarfin tsarinsu na gyaran furotin. Shi ya sa ake neman maganin da zai kama HSP ɗin ƙwayar ya bar namu, wahalar ita ce sun yi kama sosai, HSP70 yana cikin furotin ɗin da suka fi kowanne rashin sauyawa, namu da na bakteriya ma kusan rabin jerinsu ɗaya ne.

Ɗan_Tsohuwa:

Malamai barkanku da ƙoƙari, ni ba ɗalibin kimiyya ba ne tela ne amma na karanta duka. Mahaifiyata tana da yanar ido kuma 'yan shekarun nan ta fara mantuwa, wani lokacin sunan jikokinta ma sai an tuna mata. Na ga an ambaci ciwon mantuwa a sama, shin yana da alaƙa da wannan abin? Kuma akwai wani magani ko abinci da zai ƙara mata HSP ɗin? Akwai masu tallan wani garin magani a WhatsApp da suke cewa yana gyara sel.

MaiHarhaɗaMagani:

Allah ya ba Mama lafiya ɗan'uwa, ya saka maka da alherin kula da ita. Alaƙa kam akwai, duka biyun ma.

Yanar ido ita ce ta fi fitowa fili. Ɗan madubin nan da ke cikin ido cike yake da furotin da ake kira kiristalin, kuma abin mamakin shi ne waɗanda ke tsakiyarsa tun mutum yana cikin uwarsa aka ƙera su, ba a sabunta su har ya mutu, don sel ɗin wurin sun zubar da kayan ƙera furotin saboda haske ya samu hanya. Ɗaya daga cikinsu, alfa-kiristalin, ɗan gidan ƙananan HSP ne, Joseph Horwitz ya nuna haka a 1992, aikinsa ya riƙe duk wanda ya fara warwarewa kar ya dunƙule. To tunda ba a ƙera sabo, kowane riƙo yana rage shi, shekaru na tafiya yana ƙarewa, rana da hayaƙi da ciwon suga suna ƙara saurin abin, daga nan curin ya fara taruwa madubin ya yi fari. In ya riga ya yi fari babu ɗigon ido ko garin da zai mayar da shi, aiki ne kawai, a cire a sa na roba, kuma aiki ne ɗan gajere da yawancin tsofaffi ke samun ganinsu bayansa. Dan Allah kar ku bari masu tura yana da tsinke na gargajiya su taɓa idon, da yawa sun makance ta nan.

Mantuwa kuma in irin ta Alzheimer ce, can ma furotin ne ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwa, amiloyid da tawu, a ciwon Parkinson mai sa karkarwa kuma alfa-sinukiliyin. Sel ɗin ƙwaƙwalwa ba sa rabuwa balle su raba dattin da ya taru, kuma an ga a dabbobin gwaji cewa da tsufa HSF1 ba ya amsawa da ƙarfi kamar da. A ƙuda da tsutsa da ɓera in aka ƙara HSP70 ana samun sauƙi, a mutum kuwa har yau ba a samu maganin da ya yi haka ga Alzheimer ba. Akwai arimoclomol da aka ƙera don ya ƙarfafa wannan tsarin, an gwada shi a ciwon ALS mai shanye jijiyoyi bai yi aiki ba a 2021, sai a 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wani ciwon gado da ba kasafai ake samu ba, Niemann-Pick nau'in C, shi ma haɗe da wani maganin. Iyakarsa kenan zuwa yanzu. Kuma ka tuna abin da muka faɗa a sama, kunna HSF1 a duk jiki ba tare da lissafi ba yana iya zama gata ga ƙarin da bai bayyana ba, ballantana a jikin tsohuwa.

Don haka garin WhatsApp ɗin nan ka riƙe kuɗinka, ba ka san me aka zuba a ciki ba kuma ƙodar tsofaffi ba ta da juriya. Ka kai Mama a duba ta sosai don ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba, hawan jinin da ba a kula da shi ba yana kawo ta, ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo ma haka, waɗannan kuwa ana maganinsu. A auna jininta da suga, a duba kunnenta, a yi mata aikin idon da wuri, don tsohon da ba ya gani ba ya ji sosai yakan janye daga mutane mantuwar ta ƙara yin muni. In za ku je ka tafi da duk magungunan da take sha a leda, har na gargajiyan, likitan ya gani.